Gwajin Kunnen Bappa Hamman

Ƙarfe takwas da minti ashirin na safe ne, ranar wata Talata, a ƙarshen shekarar 2014. Mu biyu ne a ɗakin shan magani na kamfaninmu a Jimeta, ni da Madam Rahila, shugabar sashen tsara tafiye-tafiye, wadda ta shigo in auna mata jini. Ta uku ita ce Goggo Dudu, matar ɗaya daga cikin direbobinmu, wadda ta yi sallama a bakin ƙofa ta ƙi shigowa sai da na fita na yi mata iso. Na yi ritaya yanzu, ina zaune a unguwar Demsawo, abubuwa da yawa na aiki sun zube mini, amma wannan safiya tana nan a kaina da sa'o'inta. Zan faɗe ta bi da bi, saboda yara masu aikin lafiya da shugabannin direbobi.

Da farko sai in bayyana ko ni wane ne a wurin. Ni ba likita ba ne. Jami'in lafiyar al'umma ne, shekara biyu na yi a makarantar koyon aikin, amma direbobi ba su san wannan bambanci ba, Likita suke kirana. Kamfaninmu yana da manyan bas-bas da ke jigila tsakanin Yola da garuruwan arewacin jiha. Dokar kamfani ita ce duk wata shida direba ya zo wurina a duba shi, kuma ba a ba shi makullin mota sai da fom mai sa hannuna. Abu biyar ne a fom ɗin: ido, hawan jini, sukari, gaɓoɓi, sai kunne.

Gwajin kunne ba mu da na'urarsa. Ga yadda aka koya mana. Direba ya zauna a kujera yana fuskantar bango. Mai gwaji ya tsaya a bayansa, tazarar tsawon hannu. A toshe kunne ɗaya da yatsa. Mai gwaji ya fitar da numfashinsa duka, sannan ya raɗa lambobi uku, direba ya maimaita. A sake wasu uku. A juya ɗaya kunnen. Dalilin tsayawa a baya guda ɗaya ne, kada mutum ya ga bakinka. Wannan na san shi kamar sunana, na kuma yi shi ga direbobi fiye da yadda zan iya tunawa.

Na biyu, Bappa Hamman. Shi ne mafi tsufa a cikin direbobinmu, ɗan cikin garin Yola, aminin mahaifina marigayi. Shi ya ɗauki akwatina a motarsa ranar da zan tafi makaranta, shi ya karɓa mini aure. Ban taɓa zama a kujera yana ƙasa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ina magana ba. Mutum ne mai kawaici. Za ka yi masa magana ya yi shiru, sai can ya gyaɗa kai, kuma babu yaron da zai maimaita masa magana ko ya ce masa, ka ji? Direbobi kan yi masa tsiya a bayan ido, su ce maganar Bappa sai ranar Sallah ake fito da ita.

Ranar da mutane suka gudo daga Mubi, yana can da motarsa. Ya ciko ta har saman kujeru ya kawo su Yola. A hanya wani abu ya fashe kusa da shi, gilashin gefensa ya tarwatse. Bai faɗa wa kowa komai ba bayan maganar gilashi. Manaja ya ba da umarni cewa duk direban da ya fito daga can a sake duba shi kafin ya koma hanya. Bappa ya zo wurina ranar Alhamis, ƙarfe goma.

Ido lafiya. Jini ya ɗan hau, ba sosai ba. Sukari lafiya, gaɓoɓi lafiya. Da aka zo kan kunne sai na tsaya. Aikin yana so in juya dattijon nan ya fuskanci bango kamar ɗan makaranta mai laifi, in tsaya a kansa ta baya, in sa yatsana a kunnensa. Ban iya ba. Abin da na yi shi ne, na bar kujerar yadda take, na durƙusa a gefensa, ɗan gaba kaɗan, yadda na saba gaishe shi tun ina yaro, na roƙe shi ya toshe kunnensa da kansa. Na raɗa lambobin, kaina a sunkuye. Ya faɗi biyar daidai cikin shida. Wadda ya kuskure na maimaita masa, ya gyara. Na sa hannu, na buga hatimi, na raka shi har bakin ƙofa. Ban lura ba cewa duk tsawon gwajin idonsa na kan bakina, domin ni idona na ƙasa.

To, mu dawo ranar Talata.

Goggo Dudu ta zauna a bakin benci, ta gaishe ni da Fillanci, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta gaida Madam. Ta ce maganin gwiwa ta zo karɓa. Na ɗauko mata. Ta riƙe shi ba ta tashi ba. Irin matan nan ne da ba su faɗin sunan miji, don haka da ta fara magana sai da na ɗan saurara kafin na gane wanda take nufi. Ta ce mutumin gidan, tun da ya dawo daga tafiyar nan, kiran salla ba ya tashinsa, alhali masallaci bango ɗaya ne da ɗakinsa, sai ta taɓa masa ƙafa. Ta ce shekaranjiya tukunyar ƙarfe ta kuɓuce mata a bayansa, har kajin maƙwabta suka watse, bai waiwaya ba. Ta ce idan kana gabansa yana gane magana, idan ka ba shi baya ko ya ba ka, shi ke nan. Ya sa ta yi masa alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba.

Na tambaye ta me ya sa sai yau. Ta ce matar wani direba maƙwabcinsu ce ta gaya mata da safen nan cewa an sauya doka a shingen sojoji, yanzu da usur ake kiran mota.

Madam Rahila ta zare abin awon jinin daga hannunta da kanta.

Goggo ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce, "Ni ban faɗa maka komai ba, ɗana. Maganin gwiwa na zo karɓa."

A nan dole in bayyana maganar shinge, domin wanda bai ga lokacin ba ba zai gane ba. Shinge biyu ne a hanyarmu ta zuwa Song a kwanakin. Na farko a bakin gadar Binuwai. Wannan cike yake da motoci, kowa na bin na gabansa, ko ba ka ji komai ba idonka zai ishe ka. Na biyu yana can gaba da Girei, inda hanya ta zama wayam. A da, direba kan rage gudu ya gangara a hankali har bakin buhunan yashi, ya sauko da takardunsa ya miƙa. Ana gobe wannan Talata aka sauya, saboda tsoron motar da ake ɗaura wa abin fashewa. Sabuwar doka ita ce: akwai durom na ƙarfe mai jan fenti kamar taku ɗari kafin shingen. A nan za ka tsaya. Ka kashe mota. Ka fito da hannuwanka ta taga. Ba za ka motsa ba sai an busa usur ko an kira ka da lasifika. Duk wanda ya wuce durom ba a kira shi ba, mota ko mutum, sojojin suna da umarnin abin da za su yi masa.

Madam ta karanta wa direbobi wannan doka da ƙarfe shida da rabi na safiyar, a gindin dalbejiyar tasha, tana tsaye tana kallon takarda. Bappa na zaune can baya kan benci. Da ta gama ta tambaya ko kowa ya gane, ya gyaɗa kai tare da kowa.

Bas uku ne aka tsara su tafi tare su kwaso 'yan gudun hijirar da suka taru a Song, a kai su sansanin Damare. Da tare suka tafi, da Bappa ya yi abin da ya ga na gabansa ya yi. Amma biyu sun tsaya jiran man dizal. Shi kuwa tun daren jiya ya cika tankinsa, kuma bai taɓa jiran kowa ba a aikinsa. Ya fita ƙarfe takwas saura biyar, shi kaɗai a cikin motar, domin kowace kujera ana bukatarta a dawowa.

Abin da muka yi, ga shi a jere. Na kira wayarsa sau shida, tana shiga ba a ɗauka. Madam ta kira mai sayar mana da tikiti a Girei don ya tare hanya, ya ce ai ya kwashe iyalinsa ya koma Numan tun makon jiya. Muka kira manaja, ya ce zai nemi wanda ya san wani a cikin masu shingen, amma ba ya da tabbas. Ƙarfe takwas da minti talatin da biyar muka shiga ƙaramar motar Madam, wata tsohuwa da take kai yaranta makaranta da ita. Ta cire takalmanta ta jefa baya. Ni ban iya tuƙi ba, har yau.

A bakin gada layi ya kai kusan kasuwa. Ɗaya hannun cike yake da masu shigowa gari, mata da ƙunshin kaya a ka, tsofaffi a bayan a-kori-kura, wasu ƙafa ba takalmi. Na sauka da farar rigata ta aiki da katin shaida, na bi gefen layi da ƙafa har wurin babban mai bincike. Na gaya masa gaskiyar magana a gajarce. Ya dube ni, ya ce babbar bas mai launin kamfaninmu ta wuce, sun daɗe suna bincikenta don ta zo babu kowa ciki, ba ta fi minti goma da tafiya ba. Ya sa aka buɗe but ɗin motarmu aka duba, aka ɗaga kujeru, sannan ya ba mu hanya. Wannan ya ci mana wasu minti bakwai. Ina kallon agogo.

Mun wuce Sangere ƙarfe tara da minti goma. Shagunan ɗalibai duk a rufe. A nan Madam ta jefo mini tambaya.

"Likita, kai ne ka sa masa hannu?"

Na ce ni ne.

"Ka gwada shi, ko ka gaishe shi?"

Na ce na gwada shi a durƙushe. Can ta ce ita ma da ta ɗaga kai daga takarda ta sa kowa ya maimaita mata dokar da bakinsa, da ba mu kan wannan hanya. Sai ta ce motan nan ba ya son gudu, amma yau zai koya. Ta shiga addu'a irin tasu a hankali, ni ma ina tawa.

Bayan Girei da kaɗan muka hango bayan bas ɗin. Madam ta danna hon ta riƙe, sannan ta tuna, ta saki. Ta shiga kunna fitila tana kashewa. Wannan kuskure ne, kuma ni na ce ta yi. A kwanakin nan babu direba mai hankali da zai ga ƙaramar mota ta biyo shi a hanyar da ba kowa tana masa fitila ya tsaya. Bappa ya gan mu a madubi, ya ƙara wuta. Hayaƙi ya turnuƙe mana gilashi. Yanzu mota biyu ne ke gudu zuwa wurin sojoji maimakon ɗaya.

Madam ta ce shingen bai fi tafiyar minti huɗu ba, bayan wancan kwana ne. Ta ce ba za mu iya tsayar da shi ta baya ba, sai dai mu shiga gabansa. Na ce ta yi. Ta fita hannun hagu, motar tana rawa, ramuka na buga mu. Da muka daidaita da tagarsa na fito da kaina da kafaɗata waje, ina kaɗa masa hannu. Ya leƙo, ya gane ni. Ya ɗaga mini hannu irin na gaisuwa, ya sassauta ya ba mu hanya. A zatonsa mu ma Song za mu.

Da muka shiga gabansa Madam ta fara rage gudu kaɗan kaɗan. Ya ga mun yi masa sanyi, ya karkato zai wuce mu. Ta koma tsakiyar titi ta tare. Ya koma dama, ta koma dama. Ya danna mana hon mai ƙarfi, wanda shi ba ya ji. Muka sha kwanar, sai ga durom mai jan fenti, can gaba kuma buhunan yashi. Madam ta taka burki daidai gindin durom. Na rufe ido ina jiran ya haye mu. Na ji hucin burkinsa, da na waiwaya ba na ganin komai a gilashin baya sai ƙarfen gaban bas. Ƙarfe tara da minti ashirin da shida.

Na ɗauka an gama. Ba a gama ba.

Madam ta kashe mota, muka fito da hannuwa ta taga. Injin Bappa kuwa yana ta ruri. Aka yi magana da lasifika daga bayan buhuna, mai babbar mota ya kashe inji. Bai kashe ba. Aka maimaita. Sai na ji an buɗe ƙofar bas. Bappa ya sauko da babbar rigarsa, da jakar fatar da yake zuba takardun mota a hammata. Ya zo ta gefena ya yi mini alama da hannu, wato me ya faru kuka tsaya nan, bai jira amsa ba ya wuce. Ya wuce durom. Yana tafiyarsa ta kullum, a natse, zai je ya miƙa takardu kamar yadda ya yi shekara da shekaru. Daga wurin sojojin abin da ake gani shi ne mutum mai babbar riga da jaka, ya bar inji a kunne, an ce ya tsaya ya ƙi.

Lasifika ta ce ya tsaya nan. Ta ce ya ajiye jaka. Na ji ƙarar ɗana bindiga, ba ɗaya ba.

Madam ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Likita, ko ka fita ko in fita."

Na buɗe ƙofa, na ɗaga hannuwa sama, na ruga. Na sha gabansa, na juya wa bindigogin baya, na damƙi rigarsa a ƙirji da hannu biyu. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na ɗaga kai na kwarara ihu da iyakar muryata: "Kurma ne! Kada ku harba, kurma ne, ba ya ji!" Na maimaita da Turancin kasuwa, na sake da Hausa.

Bappa bai ji ihun ba, amma ya gani. Kwana goma sha wani abu ke nan bakin mutane yake karantawa, kuma bakina bai fi taƙi ɗaya da idonsa ba. Na ga lokacin da kalmar ta isa gare shi. Jakar ta zame daga hammatarsa ta faɗi. Na ja shi ƙasa, muka durƙusa kan kwalta, na ɗaga hannunsa da nawa. Bai yi gardama ba.

Mun kai minti biyar a haka kafin aka busa usur. Wani saje ya fito da mutum biyu. Suka sa na buɗe jakar da ƙafa, takardu suka zube. Suka sa Madam ta hau ta kashe injin bas. Sajen ya zagaya bayan Bappa ya tsaya, ya kira shi baba da ƙarfi, ya tafa hannu daf da ƙeyarsa. Bappa na kallon kwalta. Wato gwajin da na kasa yi a ɗakina, soja ya yi shi a tsakiyar titi cikin daƙiƙa biyar.

Sajen ya dawo gabana ya ce, "Wa ya ba wannan baba mota?"

Na ce ni na sa hannu cewa lafiyarsa ƙalau.

Ya daɗe yana kallon farar rigata. Ya ce in kalli yaron can na bayan buhu, bai wuce shekara ashirin da biyu ba. Ya ce ya gaya masa idan ya ƙirga uku ya saki wuta, kuma ya kai biyu. Ya ce da an yi, yaron nan zai kwana da shi har ya mutu, ni kuma ina can ofis ina shan shayi. Babu abin da ya faɗa wanda ba haka ba ne.

Sauran bas biyun sun iso ƙarfe goma da minti arba'in, da direba na ƙari wanda manaja ya turo. Shi ya karɓi motar Bappa. Mutanen Song sun isa Damare kafin la'asar, ba a bar kowa ba. Bappa ya miƙa makulli da hannunsa, ba wanda ya tambaye shi.

A dawowa yana gaba kusa da Madam, ni ina bayansa. A tsakiyar gada, yana kallon ruwa, ya ce, "Da ka bar su, da na mutu ina direba." Na ba shi amsa mai tsawo. Na ce masa ni na jawo, na roƙe shi gafara, na ambaci mahaifina. Sai Madam ta ce mini a hankali, "Kana bayansa, Likita."

Abin da ya biyo baya, a taƙaice. Na rubuta rahoto a ranar, na bayyana yadda na yi gwajin ba tare da na rage komai ba. Madam ta rubuta nata. An ba ni takardar gargaɗi, ita kaɗai ce a fayil ɗina cikin shekara talatin da ɗaya, kuma na cancance ta. Na soke fom ɗin Bappa, na rubuta masa takardar zuwa wurin likitan kunne. Aka ce na dama ya tafi, na hagu akwai saura. Bayan wasu watanni aka sa masa abin ƙara ji, yana jin magana idan wuri ba hayaniya. Bai sake tuƙa fasinja ba. Manaja ya bar shi a tasha yana duba motoci kafin su fita, kuma babu direban da ya isa ya fita da suɗaɗɗiyar taya a gabansa. Ban taɓa gaya masa wanda ya zo ɗakina da safiyar nan ba. Yanzu da shi da Goggo duk sun riga mu gidan gaskiya, shi ya sa na faɗa. Allah ya jiƙansu.

Wata bakwai ina gaishe shi ba ya amsawa. Abin da ya fi damuna shi ne ban san ko bai ji ba ne ko ya ƙi. Ban fasa ba. Wata rana da hantsi ya shigo ɗakina ba sallama, yana riƙe da hannun wani direba mai matsakaicin shekaru, wanda shi ma ya yi aiki a hanyar arewa lokacin tashin hankali. Ya zaunar da shi, ya ce, "Ka duba wannan. Ba irin duban da ka yi mini ba." Ya fita. Na duba mutumin, kunnensa na hagu ya taɓu sosai, kuma shekara guda yana ɓoyewa. Bappa ya gane shi ne daga yadda yake karkata kai idan ana magana. Wannan ita ce magana mafi tsawo da ta shiga tsakaninmu har ya bar duniya. Gaisuwa dai ya koma amsawa.

Abin da na koya uku ne. Na ɗaya, direba ba zai taɓa kawo maka kansa ya ce ba ya ji ba. Zai ce maka idonsa na ruwa, zai ce bayansa na ciwo, amma kunne zai ɓoye shi har ga 'ya'yansa, domin ya san ranar da ya faɗa ranar zai ajiye makulli. Kada ka ɗauke shi maƙaryaci. Aikinka ne ka gano. Na biyu, a wurinmu shirun babba ado ne, don haka dattijo zai iya kurmancewa a tsakiyar mutane hamsin ba wanda ya sani. Na uku, ladabin da na yi wa Bappa a ɗaki, inda mu biyu ne kawai, shi ya sa na ci masa mutunci a titi gaban sojoji. Da na tsaya a bayansa minti biyu ranar Alhamis, da na gaya masa a hankali, ƙofa a rufe.

Tashin hankalin ya lafa, an ɗauke durom ɗin tuntuni. Amma mutanen da abubuwa suka fashe kusa da su a shekarun nan ba su tafi ko'ina ba. Suna nan Jimeta da Yola da Girei, wasu na tuƙa bas, wasu tifa, wasu keke mai ƙafa uku, suna ɗauke da yaranmu zuwa makaranta. Da yawansu ba wanda ya taɓa duba musu kunne.

Saboda haka ga roƙona gare ka, kai mai karanta wannan. Idan kai ne mai sa hannu a fom, gobe idan direba ya zauna a kujerarka, ka juya kujerar ta fuskanci bango, ka nemi izininsa da duk ladabin da ka iya, sannan ka tashi ka tsaya a bayansa, ko da shi ya karɓa maka aure. Idan kai shugaban direbobi ne, duk sanarwar da ta shafi rai kada ka karɓi gyaɗa kai, ka sa kowa ya maimaita maka da bakinsa. Idan kuma a gidanku ne akwai mai tuƙi wanda sai an taɓa masa ƙafa yake tashi salla, ina roƙonka kada ka jira safiyar da zai fita shi kaɗai. Ka je wurin mai duba su yau, ko da da sunan karɓar wani magani ne.